Matar da Ke Ɗinka Ƙugun Ƙyalle

Idan ka bi layin da ke bayan makarantar koyon ungozoma, ka wuce mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, shago na uku nata ne. Ba shi da allo a ƙofa, ba ya ma bukata. Ɗalibai Mama Tela suke ce mata, maƙwabta kuwa Mai Keke. Mace ce gajera mai jiki, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo a wuya kullum, har 'ya'yanta na tsokanarta wai da shi aka haife ta. Tana ɗinka riguna da siket da kayan makaranta kamar kowane tela. Amma ka ɗaga kai ka dubi kantar sama, za ka ga abin da babu wani tela da ke da shi a garin: ƙugun mutum, na ƙyalle, guda shida ko bakwai a jere kamar an kife kwanuka.

Shekara goma sha tara ke nan da fara wannan aiki. Wata rana babbar malamar makarantar ta shigo shagon da jaka a hammata, doguwar mace mai farin takalmi da murya kamar ta mai kiran layi. Kowa Malama yake ce mata. Ta zaro wani abu na roba da ya tsage gida biyu, ta ce shi kaɗai makarantar ke da shi, ɗalibai arba'in ke rububinsa, ko za a iya ɗinka masa riga ya daina wargajewa. Mama Tela ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan kwanon da ba gindi fa, na mene ne?"

Malama ta yi dariya har da dafa keke. Ta ce, "A kansa kike zaune yanzu haka." Ta ja kujera ta nuna mata da yatsa. Ga ƙasusuwa biyu masu faɗi, dama da hagu, waɗanda mace ke dafawa idan ta riƙe ƙugu. Sun zagayo sun haɗu ta gaba. Ta baya kuma ƙarshen ƙashin baya ya shiga tsakaninsu ya kulle su, da ɗan tsini a ƙasa. Gindin kwanon ba ƙashi, tsoka ce aka shimfiɗa, ita ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, an bar ƙofa uku. Tsakanin ƙofar gaba da ta baya akwai ɗan wuri, faɗin yatsa biyu zuwa uku, nan duk tsokokin suke haɗuwa, nan kuma mace ke ƙaruwa, wato ta yage, idan kan jariri ya zo da ƙarfi.

Mama Tela ta daɗe tana kallon wannan ɗan wurin. Sannan ta gyara tabarau ta ce, "Ai wannan ɗinki ne, Malama. Bar robar nan ta huta. Ki dawo ran Laraba."

Ran Laraba Malama ta dawo, ta tsaya baki buɗe. Ƙashi na kwali da soso an lulluɓe da farin yadi mai kauri. Tsoka ja, fata ruwan ƙasa. Zoben tsokar da ke riƙe bayan gida kuwa da robar wando ta yi shi, ta zura a cikin ƙyalle. Har da jariri, an cusa masa yashi a kai don ya yi nauyi. Wurin da ke ƙaruwa ta sa masa maɓallai, ɗaliba ta yanka ta ɗinke ta ɓata, a cire a sa sabo. Tun daga ranar babu ungozomar da ta fita daga makarantar nan ba ta fara soka allura a ƙyallen Mama Tela ba. Tun daga ranar kuma su biyun suka ƙulle. Malama ta koma kiranta Yaya, ta kan zo ta cire farin takalminta ta miƙe ƙafa a shago, su yi ta gulmar masu kawo ɗinki da na shugaban makaranta.

To, akwai abin da ya sa telar ta daɗe tana kallon ɗan wurin nan, kuma shi ne duk labarin.

'Ya'yanta huɗu, maza uku da mace ɗaya, Auta. Autar nan ta zo duniya ƙatuwa, kai kamar na ɗan wata biyu, a wani ƙaramin asibiti inda mai karɓar haihuwa ɗaya ke kan mata uku. Uwar ta ƙaru har zoben baya ya tsinke. Wadda ta ɗinke ta sauri take yi, ta haɗa fata ta bar na ciki a yage. Tela ba ta bukatar a yi mata bayanin wannan, ta san rigar da aka ɗinke samanta aka bar shafi. Tun daga lokacin iska ba ta tsaya mata, wani lokaci ma har abin da ya fi iska. Mijinta, direban motar kaya, ya sani, ya kuma tafi kabari da bakinsa a rufe, Allah ya jiƙansa.

Ka ga yadda mace ke gina rayuwa a kan abu guda. Ba ta cin komai da safe idan za ta fita. Ba ta shiga motar da za ta wuce awa ɗaya a hanya. A taro kusa da ƙofa take zama, kuma kafin a watse ta sulale. Ta ɗinka wa kanta ƙyallaye masu kauri, tana wankewa da hannunta tana shanyawa a bayan ƙofar ɗaki ƙarƙashin tsohon zane. Idan tana shago da mutane ta ji cikinta ya motsa, sai ta taka keke da ƙarfi, ko da babu abin ɗinkawa, ƙarar ta rufe mata asiri. Dangi suka ce girman kai ne ke hana ta zumunci. Ta ce su faɗa, bakinsu ne. Abu ɗaya kawai ta ɗaura wa kanta: Auta ba za ta taɓa sanin cewa zuwanta ne ya jawo ba.

A shekara ta huɗu da ƙawancen, Malama ta zo karɓar sababbin ƙugu, ta ga wani da ba ta ce a yi ba. An yanke robar zoben, bakunan biyu sun ja sun shige cikin ƙyalle, sai ɗaliba ta lalubo su ta jawo kafin ta haɗa. A fatar kuma ga 'yan ramuka biyu, dama da hagu, daidai inda bakunan suka ɓuya. Malama ta dubi telar. Ta ce, "Yaya, wa ya gaya miki haka yake yi? Ban koya miki wannan ba."

Mama Tela ta tashi ta tura ƙofar shago ta sa sakata. Ta ce, "Hannuna ne ya gaya min." Ta faɗa mata komai, tana kallon allurar keke, ba ta ɗaga kai ba. Malama ta yi kuka, wallahi ta yi, hawaye na gaske. Ta ce ana gyarawa, aiki ne da likita zai yi, kwana kaɗan a gado. Telar ta ce, "In kwanta a gado yara su ce me ya same ni? In ce musu me? Bari dai Auta ta girma." Sannan ta kama hannunta ta ce, "Amana ce, Malama. Ko inuwarki kada ta ji."

Malama ta ce, "Haba Yaya! Daga bakina? Allah ya kiyaye."

Shekaru suka yi ta tafiya, Auta ta girma, ba a yi aikin ba, kullum sai baɗi. Abin da ya yi wa telar daɗi a shekarun nan shi ne ɗaliban makarantar. Kai, yaran nan da kirki suke! Idan ta kai kaya, kafin ta ce uffan an ba ta kujerar bakin ƙofa. Wata ta ce, "Mama, banɗakin malamai a buɗe yake, ko za ki wanke hannu." Wata ta buɗe taga ta ce zafi ake yi. Waɗanda suka gama suka kama aiki, idan sun gan ta a kasuwa sai su karɓe mata kaya su tare mata mota, su ce kada ta daɗe a tsaye. Ta kan dawo gida baki har kunne ta ce wa 'ya'yanta, "Ku je ku ga 'ya'yan mutane masu tarbiyya." Auta ta ce, "To ki koma can su riƙe ki mana."

Haka Auta take. Baki kamar almakashi, ba ta barin ta kwana. Ita kaɗai ce a gidan ke iya cewa uwar miyarta ba gishiri, ko ɗinkinta ya tsufa, uwar ta jefe ta da takalmi, ita kuma ta goce tana dariya. Ran da ta ce ita ma aikin ungozoma za ta koya, gaban uwar ya faɗi, amma ta tuna ai Malama na can, ta ce Allah ya sa albarka. Auta ta samu shiga, ta yi shekara ɗaya, ta shiga ta biyu.

Wata Talata da la'asar telar na yanka hannun riga, Auta ta shigo shago ba sallama, ba tsokana, da littafin rubutu a hannu. Ta tura ƙofa ta jingina da ita. Ta ce jiya da za a fara darasin ƙari mai zurfi, Malama ta aike ta ofis ta jera takardu, ta ce kada ta dawo sai an tashi. Yau ta ari littafin ƙawarta don ta kwafi abin da ya wuce ta. Ƙawar ta yi ta hanawa, ita kuma ta fizge.

Karatun Mama Tela bai wuce lambobin awo ba, amma lamba ai ta sani. Ta ga 21 a tsakiyar shafi an ja masa layi. Auta ta karanta mata. Misali daga rayuwa. Matar da ke ɗinka mana ƙugu. Haihuwa ta huɗu, jaririya kilo huɗu da rabi. An ɗinke fata an bar zobe. Shekara ashirin da ɗaya ba ta riƙe iska da bayan gida. Ba ta zuwa taro, ba ta tafiya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KU DUBA KAFIN KU ƊINKE.

Auta ta ce, "Mama, shekarata ashirin da ɗaya."

Uwar ta ƙura wa lambar ido. Almakashin na hannunta har yanzu.

Auta ta ce, "Na tambayi 'yan aji uku. Sun ce su ma an ba su wannan misali. Na tambayi wata da ta gama shekara goma da suka wuce, ta ce kowace shekara ana bayarwa. Kowa ya sani, Mama. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da na yi miki."

Nan take kujerar bakin ƙofa ta faɗo mata a rai. Da tagar da ake buɗewa. Da banɗakin malamai. Shekara goma sha biyar tana shiga makarantar nan da kai a sama, tana wa yara wasa, tana ce musu ɗinkinsu kamar na makaho, ashe duk wadda ta gaishe ta tana lissafin abin da ke ƙarƙashin zaninta. Ɗalibai arba'in a shekara. Ba ta iya lissafin ba, ba ta ma so ta iya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, bayanta kuma wani baƙin ciki da ba ta taɓa ji ba ko ranar da mijinta ya rasu.

Washegari ta sa takalmi ta nufi makarantar ba ta ɗauki komai ba. Wata ɗaliba ta taso da kujera, telar ta ce mata, "Ajiye kayanki, 'yar nan." Ta wuce kai tsaye ɗakin gwaji. Malama na ciki ita kaɗai tana cire maɓallan wani ƙugu. Da ta ga fuskarta ta sha jinin jikinta.

"Yaya, lafiya?"

"Kada ki ƙara ce min Yaya."

Malama ta ajiye abin hannunta. Ba ta yi musu ba, wannan kam a ba ta. Ta ce, "Ban taɓa faɗin sunanki ba. Haka muke koyarwa, a ba da labari a cire suna."

"Kin cire suna! Mu nawa ne ke ɗinka ƙugu a garin nan? Mu goma ne?"

Malama ta ce ta saurare ta. Ta ce shekara da shekaru tana zana wannan ƙari a allo, yara na hamma, su fita su je su ɗinke fata su bar zobe kamar yadda aka yi mata. Ran da ta fara cewa ga wadda abin ya samu, kun san ta, jiya ta ba ku alewa, ajin ya yi tsit, babu wadda ta ƙara mantawa. Ta ce, "Kin san mata nawa ke zaune lafiya a gidajensu yau saboda ke? Ɗaruruwa. Ban yi don in tozarta ki ba, Allah ne shaidata."

Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa, telar kuma ta san gaskiya ce. Shi ya ƙara ƙona mata rai. Ta ce, "Me ya hana ki tambaye ni?"

"Da kin ƙi."

"Ƙwarai da na ƙi! Jikina ne, ni ke da ikon ƙi. Kin zauna a shagona kin miƙe ƙafa, kin sha ruwana, kin yi dariya da ni, ki tashi ki zo nan ki kwance min zane a gaban yara. Ba sau ɗaya ba, a ce baki ne ya suɓuce. Kowace shekara, kamar darasin wanke hannu." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kuma kin san ba daidai ba ne. Da ba ki sani ba, da ba ki aiki 'yata jera takardu ba."

Malama ta sunkuyar da kai, ta ce za ta je ta yi wa Auta bayani, ta gaya mata laifin mai ɗinki ne ba na jariri ba. Telar ta ce, "Kin yi bayanin da ya isa haka. Ki bar min 'yata." Ta juya ta fita. A bakin ƙofa cikinta ya motsa, babu keken da za ta taka, ɗalibai biyu na tsaye a baranda. Suka kau da kai da sauri, irin kau da kan wanda ya riga ya sani. Ta bi ta gabansu ba ta ƙara sauri ba.

Ba ta daina ɗinka ƙugun ba. Ta yi niyya, ta sauko da su duka daga kanta ta zuba a buhu, suka kwana biyu a ƙarƙashin tebur. Sai ta tuna wata mace a wani ƙaramin asibiti da ungozoma mai sauri a kanta, ta tsine wa zuciyarta mai taushi, ta mayar da su. Amma ƙafarta ba ta ƙara taka makarantar ba. Mai gadi ke zuwa ya karɓa. Malama ta zo shago sau uku, sau uku ana ce mata ga kayanki can a leda, ba a ɗaga kai daga keke ba. Malamar ta aiko da takardar ganin likita, Auta ta kawo, kuma a ƙarshe an yi aikin. Ya yi kyau daidai gwargwado, likita ya ce da an zo da wuri da ya fi haka. Yanzu tana iya karyawa da safe, ta kan zauna a tsakiyar taro.

Sai dai gidan ya yi shiru. Uwar ta gaya wa Auta sau ba adadi cewa jariri ba ya da laifi, Auta ta ce ta sani, ai a littafi ma haka yake. Amma tun daga ranar Talatar nan yarinyar ta canza. Ta kan ƙwanƙwasa kafin ta shiga ɗakin uwarta. Ta kan ce, "Mama, ya jikin?" da irin muryar da suke yi wa marasa lafiya. Ta karɓe wanki, ta karɓe shara, ko tulu uwar ta taɓa sai ta ce bari in ɗauka. Maƙwabta suna ta sa mata albarka, wai Auta ta yi hankali. Uwar kuwa ji take kamar an ɗauke mata 'ya an ajiye mata ma'aikaciyar jinya.

Da za a shiga shekarar ƙarshe, Auta ta kawo yadi a ɗinka mata sabuwar farar riga ta zuwa asibiti. Mama Tela ta zauna ta ɓata ta da gangan. Ta rage hannun hagu da yatsa biyu, ta karkata aljihu, ta sa maɓallin wuya inda zai shaƙe. Shekara talatin tana ɗinki ba ta taɓa yin aika-aika irin wannan ba. Ta goge ta, ta rataye, ta zauna tana jira, har ta ɗan matso da takalminta kusa.

Da safe Auta ta sa rigar ta tsaya gaban madubin shago. Ta dubi hannun hagu, ta dubi na dama. Ta taɓa aljihun. Uwar ta ga bakinta ya motsa, zuciyarta ta yi tsalle, ta ce a ranta, yauwa, faɗi, 'yar nema, faɗi.

Auta ta gyara wuyan da yatsa ta ce, "Ta yi kyau, Mama. Sannu da aiki. Kada ki daɗe a zaune, kin ji?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta ja ƙofar a hankali.